Jin Nauyin Mutane da Nauyin Tirela

Malam Edita, bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kai da masu karatunka, ina neman fili in ba da labarin wani abu da ya same ni, ba don ina jin daɗin tuna shi ba, sai don na ga har yanzu ana yi wa wasu irinsa suna murmushi.

A lokacin na haura shekara saba'in, na yi ritaya daga sashen hanyoyi na wata kansul, wato ƙaramar hukuma, a gabashin Landan, inda na yi aikin injiniya har furfura ta rufe mini kai. Mu ne 'yan makarantar da ake buga wa rula a yatsu idan lissafi ya kuskure da ɗigo ɗaya, kuma ban taɓa jin haushin malaman da suka yi mini haka ba. Ina zaune a Barking ni da maiɗakina, a cikin gidajen nan masu manne da juna, inda maƙwabci zai yi atishawa ka ji kamar ka amsa masa. Tun ina saurayi a ma'aikatar ayyuka a gida, muna kwana a sansanin gina hanya mu farka mu ga fili har iyakar ido, nake da ƙishin irin wannan wayewar gari. Saboda haka na ƙudura in sayi tirelar tafi-da-gidanka, wato ɗakin nan mai taya da ake kira karaban, mai gado da kicin da banɗaki, in ja ta da mota in kai Hajiya tafkunan arewacin Ingila. Ita ba ta son otal. Ta ce ba za ta kwana inda ba ta san wanda ya wanke tukunya ba, kuma babu buta a banɗaki.

Da na faɗi haka a majalisar da mukan yi bayan sallar Juma'a, sai aka ce ba zai yiwu ba. Aka ce ba a taɓa ganin Bahaushe ya ɗaura gida a bayan mota yana yawo da shi a ƙasar Turawa ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Aka ce hanyoyin arewa tudu ne da gangara, ba irin na Barking ba. Wanda ya fi kowa zaƙewa wani sa'ana ne, tsohon akanta, mutumin da a tsawon zamansa a ƙasar nan tuƙinsa bai taɓa wuce Croydon ba, can ɗin ma takardun zama ne suka kai shi. Ya ce wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Ya ce a shekarunmu abin da ya kamaci Injiniya ya ja shi ne carbi, ba tirela ba. Majalisa ta yi dariya har wani yana share hawaye da hularsa. Matar akantan kuma ta buga wa Hajiya waya tana yi mata jaje, wai za a mai da ita matar makiyayi da tsufanta. Na saurare su kamar yadda ake sauraron kukan kwaɗi da damina.

'Ya'yana ne kaɗai maganarsu ta tsaya mini a rai. Babban ɗana da ƙanwarsa, wadda likita ce, sun daɗe suna kewaye-kewaye a kan batun in daina tuƙi. Suka zo tare wata Lahadi, shi yana magana rabi Hausa rabi Turanci yadda 'ya'yan nan suke yi, ita kuma tana satar kallon hannuwana, tana tsammanin ban lura ba. Suka ce ba za su hana Baba abin da yake so ba, amma in yi musu alkawari guda: idan wani abu ya faru a hanya ta dalilina, zan miƙa makullin mota ba tare da gardama ba. Na yi alkawarin a gaban uwarsu. Wanda bai tsufa a ƙasar nan ba, ba zai gane girman abin da na ajiye jingina ba. A nan, tsohon da ba shi da makulli a aljihu jira ne sana'arsa: ya jira bas, ya jira ɗa ya tashi daga aiki, ya jira a tuna da shi.

Sai na zauna zaɓen mota kamar yadda aka koya mana zaɓen ƙarfen gada. Tirelar da na saya babba ce, mai taya bibbiyu a kowane gefe, kuma ƙaramar motar da nake hawa ko motsa ta ba za ta yi ba. Na zaga wuraren sayar da motoci a bayan gari, na ga abin mamaki. Wani dillali, wanda bai ga dalilin da zai hana shi kiran sa'an kakansa da sunan yanka ba, ya yi ta nuna mini kujera mai ɗumama baya da allon da yake magana. Na tambaye shi nauyin motar ita kanta idan babu kowa a ciki, da iyakar abin da aka yarda ta kai idan an haɗa ta da abin da take ja. Ya ce bari ya je ya tambayo. Haka zamani ya koma: ana sayar da doki, ana tallar sirdi.

Ga abin da dillalan ba sa son tsayawa a kansa. Za su gaya maka cewa akori-kurarsu tana jan tan uku da rabi, tana kuma ɗaukar tan guda a bodi. Duka biyun gaskiya ne, amma a yawancin motocin ba a lokaci guda ba. Akwai iyaka ta uku, ta jimillar mota da mutanenta da kayanta da tirelar da ke bayanta, kuma idan ka cika bodi, ka ci daga rabon abin da za ka ja. Wata ƙa'idar kuma tirelar ta shafa. Kaya masu nauyi ƙasa ake ajiye su, a saman tayoyi, ta yadda hancinta zai danna ƙugiyar mota da ɗan ƙarfi. Idan nauyi ya koma wutsiya, hancin ya yi sakayau, to tirela ta daina bin mota, ta fara yi mata shawara. Da wannan na zaɓi akori-kura mai kujeru gaba da baya, doguwa, mai nauyin jiki, domin mai ja dole ya fi abin da yake ja iko. Injin dizal ne na baya-bayan nan, wanda harajin hayaƙin Landan bai hau kansa ba. Tana tura tayoyi huɗu, saboda jiƙaƙƙiyar ciyawar wuraren yada zango, kuma giyarta mai canza kanta ce, saboda gwiwata ta hagu. Har yau ina nan a kan cewa ban yi kuskure ko ɗaya a zaɓen motar nan ba.

Ranar da na je masallaci da ita, akanta ya zagaye ta yana riƙe baki. Ya ce ashe Injiniya dakon tumatir ya koma, saura a rubuta masa Sai Haƙuri a bayan bodi. Aka sake dariya. Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin wani ya tambayi hanyar da zan bi, na ce ta Birmingham da Manchester. Nan take na ga fuskoki sun canza. Kusan kowa a majalisar nan yana da ɗa ko 'ya ko jika a jami'o'in garuruwan nan biyu. Mutanen da suka rantse ba zan kai ko'ina ba, su ne suka fara biyo ni ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, kowa yana cewa yana da ɗan saƙo.

Malam Edita, ka san kalmar nan, kowane Bahaushe ya san ta. A bakinmu babu babban saƙo, duk saƙo ɗa ne. Kuma matafiyi ba ya cewa a'a, tun zamanin da wasiƙa take tafiya a aljihun fatake. Da safen tafiya na ɗauko tirelar daga gonar da nake ajiye ta, na tsayar da ita a ƙofar gida, na kwance ta daga mota domin Hajiya ta shirya kayanta, sai motoci suka fara tsayawa. Ɗan saƙon wani buhun shinkafa ne. Na wani jarkokin manja da man gyaɗa. Wani ya kawo akwatunan littattafai, wani ƙaramin firiji. Akanta da matarsa suka zo da buhunan gari da wake, da tsohon keken ɗinki irin mai ƙafar ƙarfe, wai na 'yarsu ne mai karatu a Manchester. Bodin akori-kura ya cika, na ga bayanta ya zauna, hancinta ya ɗaga. Da fili ya ƙare a bodi, sai matar akanta ta dafa Hajiya, tana kiranta yaya, ta ce ai ta ga akwai fili a ƙarƙashin gadon tirela, can baya. Hajiya ta dube ni. Ni kuma na dubi mutanen da muka binne iyaye tare, muka raɗa wa jikoki suna tare, na ji nauyinsu.

Ba zan ɓoye ba, na san abin da nake gani. Na kama hancin tirelar kafin in ɗora shi a ƙugiya, na ji ya taso mini a hannu kamar faifai, abin da ya kamata ya sa ni nishi. Na buɗe baki na ce kayan nan sun yi yawa, a rage. Akanta ya yi dariya ya ce haba Injiniya, a gida akori-kura tana kwasar ƙauye guda da awakinsa ta kai kasuwa, mota ai ba ta cika, ko kuwa tawa ta ado ce? Ya faɗi haka ne a gaban mata. Da baƙo ne ya faɗa, da na koya masa lissafi a tsaye. Amma sa'ana ne, ga jama'a, ga matarsa tana ta godiya tun kafin a amince. Na ɗaura ƙugiya. Suka yi mana addu'ar Allah ya kiyaye hanya, bayan sun gama yin duk abin da zai hana ta kiyayuwa.

Mun fita Landan lafiya, ina tafiya a hankali a layin hagu na babbar hanya, ina jin sitiyari ya yi mini sauƙi fiye da yadda na saba. Hantsi ya yi, muka iso wata doguwar gangara. Wata babbar motar kaya ta zo wuce mu, iskarta ta bugi gefen tirelar. Na ga wutsiyarta a madubin dama, sai kuma na gan ta a na hagu. Ta dawo dama da ƙarfin da ya fi na farko. Motar da na zaɓa saboda nauyinta ta fara rawa a ƙarƙashina kamar kwalekwale. Ƙafata ta so burki, na hana ta, domin burki a irin wannan hali shi ne kifewa. Na ɗage ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe, Hajiya tana salati a gefena. Gudu ya fara raguwa, amma kafin rawar ta mutu wutsiyar tirela ta daki ƙarfen gefen hanya, taya ta fashe, muka tsaya a karkace a bakin titi. Hajiya ta bugu da ƙofa, kafaɗarta ta goce.

Jami'an hanya suka zo, suka yi aikinsu cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Da aka buɗe tirelar, keken ɗinki ya fasa allon gado, manja ya malale a kan shimfiɗar da Hajiya ta ɗinka da hannunta domin wannan tafiya. Muna asibiti wayata ta fara ƙara. Labari ya riga ya kai Barking. Akanta ne na farko. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, sai ya zarce da tambayar ko keken ya yi lahani, domin irinsa ba a samunsa yanzu. Sai da ya gama wannan sannan ya tuna ya tambayi jikin Hajiya. Wata ta kira tana jimamin manjanta, wai daga gida aka kawo mata shi. Ina riƙe da wayar ina kallon matata an ɗaure mata hannu a wuya. A ranar na san darajar majalisar da na yi shekaru ina zama a cikinta.

Ɗana ya iso da yamma. Bai ɗaga murya ba, bai ma ambaci alkawari ba. Ya tsaya kawai a gabana, idonsa ya yi ja. Na ciro makullin na sa masa a tafin hannu. Shi da ƙanwarsa sun ɗauka tsufa ne, ido ko hannu ya gaza. Ban gyara musu ba. Ai na riga na ce zan miƙa idan abu ya faru ta dalilina, kuma ni na ɗaura ƙugiyar nan ina sane. Mutumin da aka yi wa irin tarbiyyarmu ba ya neman ƙofar baya a cikin maganarsa.

Hunturun da ya biyo baya shi ne mafi tsawo da na gani a ƙasar nan. Akori-kura tana ajiye a gidan ɗana. Ni da na shimfiɗa wasu daga titunan gabashin Landan, na koma tsayuwa a gefensu ina jiran bas cikin yayyafi. A jirgin ƙarƙashin ƙasa 'yan mata suna tashi su ba ni kujera da irin murmushin da ake yi wa marar lafiya. Idan Hajiya tana da ganin likita saboda kafaɗarta, sai mun duba ranar da ɗanmu yake da sarari. A majalisa kuwa, waɗanda buhunansu suka kusa kashe mu su ne suke girgiza kai suna cewa ai dama sun faɗa. Akanta ya ce shi tun farko ya ga abin bai yi masa ba. Na lura dai ko sau ɗaya bakinsa bai kai kan abin da aka cusa a ƙarƙashin gado ba.

Hajiya ce ta warware maganar, ranar Ƙaramar Sallah, 'ya'ya da jikoki suna gida ana cin abinci. Mace ce da ba ta saba sa baki tsakanina da 'ya'yana ba. Ta ajiye cokali ta ce wa babban ɗanmu, ita tana cikin motar nan, su ba sa ciki. Ta ce idon ubansu bai gaza ba, hannunsa bai gaza ba, bakinsa ne ya gaza, nata ma ya gaza, domin ita ta buɗe wa mutane ƙofar tirela. Ta ba su labarin buhuna da keke, da yadda hancin ya tashi a hannuna. Ta ce da wani ne a kan sitiyarin nan da ya taka burki, da yanzu sadakar arba'in ɗinmu ta daɗe da wucewa. Ta ce a mayar wa mutum makullinsa, ita ba ta ga tafkin da aka yi mata alkawari ba.

'Yata likita ba ta yarda da baki kawai ba, kuma ban ga laifinta ba, jinina ce. Ta sa aka gwada idona, ta kuma kai ni wata makarantar koyon jan tirela, inda na yi gaba na yi baya a tsakanin robobi kamar ɗan koyo. Na haɗiye abin da na haɗiye, na yi, aka ce babu abin gyarawa. Ɗana ya kawo motar da kansa, ya ce sharaɗinsa ɗaya, a hau ma'aunin motoci kafin kowace tafiya. Na ce masa wannan sharaɗin na riga shi sanin sa tun kafin a haife shi.

Aka gyara tirela, muka sa tafiya bayan Babbar Sallah. Ina tsammanin kunya za ta hana kowa zuwa, ashe ban gama sanin mutanena ba. Ana gobe za mu tashi sai ga akanta a ƙofar gida, da kular soyayyen naman Sallah da wani buhu a bayan motarsa, yana washe baki, wai ɗan saƙo ne, wannan karon ba nauyi. Na bar shi a tsaye, ban ce ya shigo ba. Na gaya masa cewa akwai kamfanonin kai kaya, akwai jirgin ƙasa zuwa Manchester, kuma shi ma yana da mota da lasisi. Ya ce haba Injiniya, ko nauyinsa ba zan ji ba? Na ce masa na ji nauyinsa bara, kuma Hajiya ce ta ɗauke shi a kafaɗa. Ya mayar da buhunsa. Tun daga ranar ba ya gaishe ni a masallaci, ni kuwa ban ga abin da ya ragu a jikina ba.

Abin da na koya, Malam Edita, shi ne mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita ga abin da ma'auni yake aunawa da abin da zuciya take ji a gaban mutum, kuma na bar na biyun ya rufe mini ido daga na farkon. Kara abu ne mai kyau, da ita aka gina mu, amma ƙarfe bai san kara ba, gangara kuma ba ta san sa'a ko amini ba. Magabata sun ce kunyar marar kunya asara ce. Ni na kusa yin asarar matar da muka yi rabin ƙarni tare, saboda mutumin da keken ɗinki ya fi ta daraja a wurinsa. Duk mai niyyar jan tirela, ya zaɓi motarsa da lissafi, kada ya saurari dillali, kada kuma ya saurari majalisa. Idan ya gama, ya san cewa rabin aikin ya yi. Sauran rabin yana ƙofar gidansa da safen tafiya, lokacin da masu ɗan saƙo za su fara sallama. Masu kai saƙon kuma su ji tsoron Allah, su daina auna kayansu da bakinsu.

Roƙona na ƙarshe, a buga wannan rana yadda na rubuta ta, kada a taƙaita. Ranar sha uku ga watan Zulhajji na bana, bayan sallar La'asar, na tsayar da akori-kurata da tirelarta a bakin tafki a arewacin Ingila, da hannuna, Hajiya tana gefena, na kashe inji, na zare makulli na sa a aljihuna.